Ranar da Masta Ya Kwance Tayoyin Motata

Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai sayar da kayan waya a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ciniki yana tafiya, kai kuma yana rawa. Ina zaune a gidanmu na unguwar Moshi Zango tare da mahaifiyata, wadda muke kira Mma. Ba na shaye-shaye, ba na caca, amma ina da ciwo guda, son a kalle ni. Shi ya kai ni na sayi wata tsohuwar 'yar mota ja mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta baya a bar kai a waje. Mai ita ya rantse mini lafiyarta ƙalau, ni kuwa ko ƙarƙashinta ban leƙa ba. Na ga ja, na ga ƙyalli, na miƙa kuɗi.

Wata biyu muka yi muna amarci, sannan ta fara nuna hali. Rufinta na tamfol ne, rana ta riga ta cinye shi, ruwan Kumasi kuwa ba ya sallama. In aka yi ruwa sai in zauna a kujera in tashi da jiƙaƙƙen wando. Tagar baya ta roba ce, ta yi dishi-dishi har ba na ganin mai bina. Cikinta a ƙasa yake, duk tudun da aka yi a titi don rage gudu sai ya daki salansa. In na shiga cunkoson mahaɗar Sofoline sai inji ya ɗau zafi, in fito ina ɗura ruwan leda a lagireto, direbobin motocin haya da muke kira trotro suna tambayata ko wanka nake mata. Kayan gyaranta babu su a kasuwa, sai an aika waje a jira wata guda. Sabon rufi kaɗai, da aka faɗa mini kuɗinsa, ya kai ribar shagona ta wata uku.

A nan na koyi muguwar kalmar nan, a lallaɓa. Makanikena wani dattijo ne ɗan ƙabilar Asante a Magazin, unguwar masu gyaran mota, kowa Masta yake ce masa, kuma Hausa a bakinsa kamar ɗan Zango. Duk abin da ya ce a canja sai in ce a lallaɓa. In ya ƙi, in zagaya wurin wani, don a Magazin akwai masu hannun da za su liƙe, su ɗaure, su yi walda, mota ta tashi. Ya sha gaya mini cewa irin motar nan tana da 'yan ramuka a bayan kujeru inda ruwan rufi yake bi ya fita, kuma muddin ina ajiye ta a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ganye zai toshe su, ruwa ya kwanta ya ci ƙarfe ta ciki. Ban daina ba. A gindin bishiyar majalisarmu take, a nan ake ganin motar.

A shekarar ne Allah ya kira Mma aikin Hajji, bayan ta ƙarar da ƙuruciyarta a gaban kaskon ƙosai. Ku da kuka san Zango kun san yadda muke taryen alhazai: jerin motoci da babura tun daga inda bas ya sauke su, ana hon ana guɗa har ƙofar gida. Na bi unguwa ina shela cewa Mma a motata za ta shigo, rufi a naɗe, kowa ya ga Hajiya da farin mayafinta. Saura kwana biyu na kai wa Masta motar don ya canja mai ya gyara hon kawai. Ya shiga ƙarƙashinta, ya daɗe, ya fito ya ce motar nan ba za ta fita ba. Tsatsa ta cinye bututun da man birki yake bi, har ƙarfen da ya riƙe shi ya ruɓe, aikin mako guda ne. Na ce a lallaɓa, a ɗaure da roba, kwana ɗaya ne tak. Ya ɗauko jak, ya kwance tayoyin gaba a kan idona, ya kai su ɗakin kayansa ya sa kwaɗo.

Abin da na yi daga nan har yau kunyarsa nake ji. Na tara masa jama'a, na ce baƙin ciki yake da ni, na ce kuɗi yake so ya tatsa, har ƙabilarsa na taɓa, mutumin da a haife ya haife ni. Na ce zan kawo ɗan sanda. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Je ka kawo shi. Ni dai ba zan ba ka mota ka kashe uwarka ba.”

Ranar tarye a tsohuwar motar kayan mijin yayata aka ɗauko Mma, ni ina baya na haɗe rai, abokai suna tsokanata wai ina buɗaɗɗiyar. Da baƙi suka ragu ta tambaye ni abin da ya ɓata mini fuska, na kwashe na faɗa mata, a zatona ƙara nake kaiwa. Ta tambaye ni ko ni na ga abin da mutumin ya gani. Na ce a'a. Ta ƙulla dabino a leda, ta ce in kai masa, kuma kada in dawo sai na duba da idona.

Na same shi ya mayar da tayoyin, ya tare su da duwatsu. Ya ce in shiga in taka birki da ƙarfi, kamar trotro ya tsaya a gabana ba zato. Na taka sau ɗaya, na taka na biyu, a na uku ƙafata ta tafi har ƙasa babu abin da ya tare ta. Na fito na ga mai yana tsiyaya a ƙasa. Sai hanyar gidanmu ta faɗo mini, gangaren nan mai tsawo, babura a gaba, mata cike da bakin titi, Mma a gefena babu ko rufi a kanta. Na zauna a cikin baƙin mai ina ba shi haƙuri. Bai yi mini gori ba. Ya karɓi dabinon, ya tambaya ko Hajiya ta sauka lafiya.

Gyaran ya ci fiye da rabin kuɗin da na sayi motar. Na biya babu musu, daga baya na sayar da ita, na kuma zayyana wa mai saye duk ciwonta. Ina roƙon 'yan uwana matasa, in tsohuwar buɗaɗɗiyar mota ta burge ku, ku kai mai gyara ya shiga ƙarƙashinta kafin ku biya, ku tambayi inda ake samun kayanta. Faci a rufi ba komai ba ne, amma birki ba a lallaɓa shi. In kuma Allah ya haɗa ku da mai gyaran da zai iya ce muku a'a, ku riƙe shi hannu biyu.

Bara aka yi sunan ɗana na fari. Ina tsaye ina kallon Mma ta ɗora shi a cinya tana masa wasa, tana cewa ga sabon mijinta ya zo, sai na ji hawaye sun cika mini ido. Na fita waje na kira Masta a waya, na gaya masa Mma tana ciki riƙe da jikanta. Ya ce in gaishe da Hajiya.