Filasta a Kafaɗar Rago

Damina ce, shekarar da nake ƙarasa karatun likitancin dabbobi. Raguna shida aka ba ni, na ajiye su a garken kawuna a Bungudu. Aikina shi ne in aske gashin kafaɗar kowane rago, in manna masa filasta mai ɗauke da maganin kumburi, daga baya a yanka shi in gano inda maganin ya shiga a jikinsa.

Har yau idan na rufe ido ina ganin yammacin nan. Hadari ya taso daga wajen Kwatarkwashi, gero ya kai ƙugu, ragunan suna tuƙa da farin ƙyalle a kafaɗa. Sai in zauna a kan turmi ina kallon su, ina rayawa a raina maganin yana ratsa fata a hankali, yana bin jini, ba allura, ba ɗuri. Wani lokaci har gyangyaɗi ya ɗauke ni.

Kawu bai yarda ba. Ya ce, "Ɗiyata, maganin da ba a sha ba, ta ina za shi shiga?"

Na ce, "Shi nake son in gani, Kawu."

Ranar yanka muka kai su kwata a Gusau. Akwai wani mai baƙin kunne da ya saba cin dusa a tafina; da aka zo kansa na juya baya. Wani dattijon mahauci ya riƙa yanko mini abin da na nuna: fatar wurin filastar, tsokar ƙarƙashinta, hanta, ƙoda. Na zuba a ƙananan kwalabe, na jera cikin ƙanƙara.

Makonni na yi a ɗakin gwaje-gwaje ina niƙa nama ina tacewa, na'urar awo tana zana layi a allon kwamfuta. Maganin ya taru sosai a tsokar da ke ƙarƙashin filastar, a hanta kuwa kaɗan ne.

Na koma Bungudu da takardar sakamakon. Kawu ya riƙe ta a juye, ya daɗe yana dubawa, sannan ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini gwiwarsa da ta kumbura.

"To, manna mini."

Na ce ta dabbobi ce. Washegari na raka shi asibiti a bayan babur, yayyafi na sauka a kanmu.