Firjin Da Na Jefar Da Sunan Gwaggo A Jikinsa

A shekarun da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da wayo, ina jan babbar motar ɗaukar fasinja da kaya zuwa filin jirgi, ina zaune a ɗakin ƙasa na gidan wata baiwar Allah a garin Beltsville, can ƙasar waje. Aminiyar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata, don haka Gwaggo nake ce mata. Ranar da zan taso daga gida mahaifiyata ta kira ta a waya ta damƙa mata amanata, ita kuma ta riƙe ni kamar ɗan cikinta. Aikin kula da tsofaffi take yi, kuma burinta ɗaya ne a duniya: ta samu takardar zama 'yar ƙasa don ta ɗauko mahaifiyarta da ke fama da ciwo a gida.

Duk wanda ya san mutanenmu a ƙasar nan ya san ba ma zubar da kaya. Komai tsufan abu, sai mu ce a ajiye, za a aika gida. Marigayi mijin Gwaggo ya fi kowa wannan hali. Ya cika garejinsu da firji biyu, katifu, tsofaffin talabijin, tayoyi da gwangwanayen fenti, yana jiran a yi haɗakar kwantena. Kamar yadda ake yi don kada kayan wani su shige na wani, ya bi kowanne ya rubuta sunan matarsa da adireshin gidan da jan alƙalamin maka, manyan baƙaƙe. Allah Ya karɓi abinsa kafin kwantenar ta samu. Bayan shekaru ɓeraye suka mai da garejin gidansu, Gwaggo ta haƙura, ta ba ni kuɗi ta ce in kai kayan jujin hukuma.

Ranar Asabar na loda mota na je na bi layi har rana ta take. Da na iso gaba, ma'aikacin ya ce firji ba ya shiga sai an zuƙe iskar da ke cikinsa, fenti yana da ranarsa daban, tayoyin sun wuce adadin da ake karɓa daga gida ɗaya. Ya kuma ce tunda lambar motata ta kasuwanci ce, a sikeli za a auna ni in biya kuɗin 'yan kasuwa, wanda ya ninka abin da ke aljihuna. Raina ya ɓaci. A garinmu masu sayen gwangwan ne za su zo har ƙofa su biya ka su kwashe, amma nan ni zan biya, kuma a wulaƙanta ni. Maimakon in koma in faɗa wa Gwaggo gaskiya, washegari da rana na bi wata hanyar ƙasa da ke bayan gonakin bincike, inda ba kowa, na sauke komai a bakin wani rafi. Ko kallon rubutun ban yi ba, don idona ya saba da shi. Na dawo na ce mata an gama, ta yi ta sa mini albarka.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo. Da na dawo aiki na tarar da ita a buɗe kusa da kwanon abincina. Sammaci ne na kotu da sunan Gwaggo, haɗe da hotuna: ga firjin nan kwance cikin ciyawa, sunanta ja wur a ƙofarsa, fenti ya tsiyaye cikin ruwa. Ranar zaman kotun kuwa sai bayan ranar da aka sa mata ta zuwa intabiyun zama 'yar ƙasa, inda dole a tambaye ta ko akwai wata shari'a a kanta. Na ture kwanon abincin gefe.

Abin da ya fi kashe ni, ba ta ce mini uffan ba. Da safe na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambaye ni ya gajiya. Ni ma na yi gum. Ina da tawa takardar zaman ƙasa da nake jira, ga izinin shiga filin jirgi da ake iya karɓewa a kan ƙaramin laifi. Kullum sai in ce gobe zan yi magana, gobe ta zo in tsere wurin aiki tun kafin ta fito. Duk motar 'yan sanda da na hango a madubi sai in ɗauka ni suka biyo. Haka na ɓata kwana goma sha ɗaya, har ranar intabiyun ta zo. Ta je ta faɗi gaskiya cewa akwai sammaci a kanta, aka ce an jingine maganarta sai kotu ta gama.

A yammacin ranar ina hawowa daga ɗakina na jiyo ta tana waya da 'yarta da ke wata jiha. 'Yar tana faɗa tana cewa lallai Gwaggo ta ba lauya sunan wanda ya kwashi kayan. Gwaggo ta amsa a hankali cewa ɗan amana ne, ba za ta kai shi da bakinta ba, da wane ido za ta kalli uwarsa. Na zauna a kan matakala na yi kukan da rabona da shi tun ina yaro. Washegari na je ofishin da ya aiko wasiƙar na ce ni ne.

An ci ni tara mai nauyi, an sa na kwashe kayan da hannuna, na kuma yi makonni sanye da riga ruwan lemu ina tsince shara a bakin titi, mutanenmu na wucewa suna rage gudu don su tabbatar ni ne. Izinin filin jirgi ya tafi. Duk wannan ban damu da shi ba. An wanke sunan Gwaggo, amma kafin takardun kotu su isa inda ya kamata a sake sa mata rana, wata bakwai sun shuɗe. Ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa da rani, mahaifiyarta kuwa ta rasu tun da sanyi. Ba zan ce da na yi magana da tsohuwar ta iso ba, rai na Allah ne. Amma na san da na buɗe baki ranar da na ga wasiƙar, da wataƙila ba ta shiga intabiyun da shari'a a wuya ba.

Na ɗauka zubar da kayan ne babban laifina, ashe shirun nan na kwana goma sha ɗaya ya fi shi. Ina roƙon 'yan'uwa da ke zaune a ƙasashen mutane: in dokar shara ta yi muku tsada, ku yi tambaya, ku jira ranarta, ku biya, ko ku koma ku ce kun kasa. In kuma kun riga kun yi kuskure, kada ku fake a bayan karar wanda ya fi ku girma. Har yau Gwaggo ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Abu ɗaya kawai ta roƙe ni ranar da zan je kwashe kayan: wai in na ga kwalin talabijin ɗin bai jiƙe ba, in yanko mata wurin da mijinta ya rubuta sunanta. Na je na duba, ruwa ya riga ya wanke shi.