Gidan Gwajin Suwaiba

A Gusau, duk wanda ya taɓa ba Suwaiba aiki ya san abu biyu game da ita: ba ta kuskure da yawa, kuma ba ta sauri ko kaɗan. Na biyun ne ke sa mutane cizon yatsa.

'Yar Tsafe ce. Mahaifinta, Malam Manu, mai gyaran rediyo ne, kuma a gindin teburinsa ta tashi tana tsince masa ƙananan kusoshi. Da ta gama karatun kwamfuta, ƙawayenta suka bazama neman aikin ofis, ita kuwa ta kama wata sana'a da har yau danginta ba su iya bayyana ta ba. Tana haɗa wa gidaje manhajar da ke kunna injin ruwa da kanta, ta kashe fitilu, ta juya gida daga wutar gari zuwa sola. Manhajar uwa ce, sai a riƙa ɗora mata ƙananan kari, kowanne da aikinsa.

Ga inda take ɓata wa masu gaggawa rai. Ba ta taɓa ɗora sabon kari a gidan mutum kai tsaye. A cikin kwamfutarta akwai wani keɓantaccen wuri da 'yan sana'ar ke kira kwantena, ita kuwa gidan gwaji take ce masa. A nan take gina gidan ƙarya, da tankinsa da famfunansa, ta saka karin, sannan ta yi masa mugunta iri-iri. Ta ɗauke masa wuta, ta katse intanet, ta ƙafar da tanki. In ya rushe ta goge, ta sake gina wani cikin minti biyu. Ni dai wannan hali nata yana burge ni ƙwarai.

Alhaji Attahiru na Bungudu, dillalin hatsi, bai ga abin burgewa ba. Bututu ya taɓa fashewa a gidansa ya zubar da tanki guda, don haka ya ce a sa masa karin da ke rufe ruwa in ya ga yana zuba ba tsayawa. Ranar Alhamis zai tafi Umara, yana so a gama kafin nan. Suwaiba ta sa mita a bakin tankin, ta ce sai ta tattara bayanin yadda gidan ke shan ruwa na kwana biyar.

Ranar Laraba da hantsi sai ga shi a shagonta, ko zama bai yi ba.

"Ke ɗiyata, mi anka yi ne? Wanga abu an ce minti goma ake sa shi. In ba ki iyawa ki hwaɗa mini, akwai mai yi a Kaduna."

Alhaji ne babban mai ba ta aiki, kuma bakinsa na kaiwa nesa. Amma ta jawo masa kujera.

"Baba, don Allah zauna ka ga gidanka."

Ta juyo masa da kwamfutar. Ta zuba bayanin kwana biyar ɗin a gidan gwaji, ta sa agogonsa gudu. Asuba ta yi, ruwa ya ɗan zuba na alwala. Ƙarfe bakwai ruwa ya fara gudu sosai. Bakwai da minti ashirin, alamar makullin ruwan ta koma ja, komai ya tsaya.

"Ka gani? An rubuta karin ne don gidajen da ba a buɗe famfo fiye da minti ashirin. Naka kuwa kullum daga bakwai zuwa goma yake zuba. Da na sa shi yadda yake, kowace safiya zai ɗauka bututu ya fashe, ya kulle, kuma sai da wayarka ake buɗewa. Kai kana Makka. Abin da ban gane ba, ina ruwan nan yake zuwa?"

Alhaji ya dubi jar alamar. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Famfon waje ne, na jikin katanga. Matan unguwa ka ɗiba. Sadakar Hajiya Dije ce, uwar 'ya'yana. Tun da ta rasu, shekara shida, bai taɓa yin safiya a rufe ba."

Tausayinsa ya kama Suwaiba. Ta buɗe karin ta ware masa awowin safe, ta goge gidan gwajin ta gina sabo, ta sake sakin agogo. Bakwai da ashirin ta wuce, ruwa na gudu. Ta kai hannu za ta rufe, tunda an ga abin da ake nema.

"A'a, bar shi," in ji Alhaji, yana matso da kujerarsa. "Bari in ga ya kai goma."