Gwangwanin da Ya Lotse

Shekara shida na yi ina jera kaya a kantin kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, a unguwar Batha ta Riyad. Gwangwanin tumatir, fuska waje, kafaɗa da kafaɗa, wanda ya lotse a cire shi. Kafin nan, a Kano, ni mai zanen talla ne. Irin gwangwanayen nan nake zanawa a bangon shaguna, har injin buga fosta ya zo ya ƙwace sana'ar. Na yi fushi na jefar da burushi, kuma ban gaya wa kowa a Riyad na taɓa riƙe shi ba. Kunya nake ji.

Wata Alhamis da hantsi kafilina ya tura ni wurin ƙanwarsa, mai zane, in taya ta rataya hotuna a wani zauren nuni a Dir'iyya, kusa da Riyad. Da na yaye takardar da aka naɗe na farko da ita, sai na yi sororo. Gwangwanin tumatir ne, tsayinsa ya kai nawa, ja jawur. Na biyu ma shi ne. Har ashirin. Abin da nake ɗauka in ajiye ko kallo bai ishe ni ba, ga shi ya cika ɗaki yana kallona. 

Na jera su yadda hannuna ya saba. Ɗaya an zana shi a lotse, sai na jingine shi bayan ƙofa, ko tunani ban yi ba.

Ta shigo ta duba bangon. "Ya akhi, ina ɗayan?"

"Ya lalace, ustaza. Na cire."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Masana'anta tana fitar da dubbai iri ɗaya, mu saya, mu jefar. Sha taran nan ma da inji na buga su. Wancan kaɗai na yi da hannu. Tsakiya za shi."

Na ɗauko shi, na ƙura wa lotsewar ido. Bakina ya riga ni.

"Hasken nan bai kamata ya miƙe ba. A nan zai karye."

Ta daina dariya. Ta dubi hoton, ta dubi hannuna.

"Kai mai zane ne," in ji ta.

Ban musa ba. Ta tsoma siririn burushi a farin fenti ta miƙo mini. Na karɓa, na ɗora gashin a daidai lotsewar, na karya hasken.