Kyamarar tsakar gidanmu ta gaishe ni

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau kyamara ta yi min magana!

Wadda maigidana Alhaji ya sa a tsakar gida ce, don ya riƙa duba mahaifiyarsa daga kasuwa. Ɗazu da hantsi ina yi wa 'yata Ummi kitso, dukkanmu ba ɗankwali. Sai na ga kyamarar ta juyo a hankali, ta tsaya a kanmu. Sai muryar namiji: "Sannu da aiki, Maman Ummi."

Innalillahi! Ba muryar Alhaji ba ce!

Na ja Ummi ɗaki, na kira Alhaji a waya. Ya ce, "Wa kika ba lambar sirrin wayfai?"

Na ce ranar sunan jikata mata suka tambaya, na ji nauyin hanawa. Na kifa musu akwatin wayfai ɗin, suka ɗauki hoton lambar da ke ƙasansa.

Ya ce, "Subhanallahi! Ita ma kyamarar tun da aka sayo ba a canza tata ba."

Ummi ta cire kyamarar daga wuta, ta shiga saitin akwatin, ta sa sabuwar lamba mai tsawo. Na ce, "To alhamdulillahi. Wataƙila ma daga wani gari yake."

Sai ta ce, "Umma, wayfai ɗinmu ba ya wuce gida biyu a lungun nan."

Gidaje biyun nan, jama'a, kullum ciyayya muke yi da su. Ga tuwonsu na tuƙa, na rasa wanda zan aika wa.