Hoto Uku, Dutse Ɗaya

Shekarar da 'yata ta samu aiki a Legas, ta bar mini kyamararta a kan teburin falo, ta ce in riƙa ɗaukar furannin bayan gida kada kaɗaici ya dame ni. Ni malamar labarin ƙasa ce a wata sakandare a Kafanchan, a lokacin kuma na haura hamsin. Furannin dai ban kula su ba. Wani zaure na shiga a waya, na masu ɗaukar hoto, inda kowane wata ake ba da jigo, kowa ya turo hoto ɗaya, alƙalai su zaɓi wanda ya fi.

Na daɗe ina kallo ban tura hoto ba, har aka fitar da jigon tsakiyar damina: fili da sararin sama, da dabarar da suke kira HDR. Sai da na karanta bayanin na sake karantawa kafin na gane. Idon mutum yana ganin hasken gajimare da duhun gindin itace a lokaci guda, kyamara kuwa ba ta iyawa. In ta kama sama, ƙasa ta yi baƙi ƙirin. In ta kama ƙasa, sama ta zama farin ƙyalle. Shi ya sa ake ɗaukar wuri ɗaya sau uku, ɗaya da duhu, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya da haske, sannan a haɗe su a kwamfuta.

A cikin hira wani ya tambaye ni daga ina nake, na ce Kudancin Kaduna. Ya rubuto, "Ayya, Allah ya ba ku zaman lafiya." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma maganar ta tsaya mini a rai. Duk hoton ƙasarmu da mutumin nan ya taɓa gani, na ƙonannen rufi ne. Ni kuwa kullum in na fito shanya da safe, Dutsen Kagoro ne a gabana, gajimare ya naɗa masa rawani. Na ce shi zan tura.

Maigidana ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, yana da tsohon babur da yake lallaɓawa kamar jariri.

"Dadi, za ka kai ni hanyar Kagoro da yamma?"

"Biki ake yi?"

"Dutse zan ɗauka."

"Dutsen da yake nan tun kafin kakanki, yau kike saurinsa?"

Ya faɗi haka, amma ya tashi ya goge babur.

Zuwan farko a hannu na riƙe kyamarar. Da na haɗa hotunan, dutsen ya fito da baki biyu, kamar yadda wanda ya ƙoshi da burkutu zai gan shi. Ashe ko numfashi ka yi tsakanin hoto da hoto, sai ya nuna. Dole a samu abin ɗora kyamara mai ƙafa uku. Na gaya wa Dadi. Washegari ya kwashi wasu tsofaffin bututun ƙarfe da ke bayan gida ya kai wa mai walda kusa da tasha, ya dawo da wani abu mai ƙafa uku, mai nauyin turmi. Haka na rungume shi a bayan babur, mutane suna bin mu da kallo.

Zuwa na biyu mun dace. An ɗauke ruwa ke nan, rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari ta haska rabin dutsen, rabin kuma yana cikin inuwa. Muka kafa ƙarfen a bakin wata gonar masara, ƙafafuna suna nutsewa cikin taɓo. Na yi ta ɗauka uku-uku har hasken ya tafi.

A gida ne aikin gaske ya fara. Laftof ɗina tsohuwa ce, in na ba ta hotunan ta haɗa sai ta kama huci kamar za ta tashi. Da hoton ya fito, na ga jerin maɓallan da ake ja: na haske, na inuwa, na kala, na kaifi. Duk wanda na ja sai in ga abin ya ƙara armashi, ni kuma na yi ta ja. Gajimare ya yi jajir da shuɗi, masara ta yi kore shar, kowane tsagin dutse ya fito. Raina ya yi fari. An yarda mutum ya nuna aikinsa a zaure kafin ranar rufewa don a ba shi shawara, sai na tura.

Akwai wani mai ɗaukar hoto daga Jos da kowa ya san bakinsa ba linzami. Shi ya fara amsawa.

"Mama, wannan ba dutse ba ne, zanen bayan motar lodi ne."

Na ajiye wayar. Shekara da shekaru ni ke jan jar biro a kan aikin wasu. Na miƙa wa Dadi laftof ɗin don ya goyi bayana. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Momi, ya yi kyau. Amma ni dai tun da nake ban taɓa ganin masara mai wannan kalar ba."

Da zuciyata ta huce na rubuta wa mutumin Jos, na ce to, ya nuna mini laifin. Ya nuna kuwa. Akwai wani farin zobe da ya kewaye bakin dutsen inda ya haɗu da sama. Ganyen masara ya fito biyu-biyu saboda iska ta kaɗa shi tsakanin hotunan. Sannan babu inuwa ko kaɗan, na kashe ta duka. Ya ce in mayar da kowane maɓalli inda na same shi, in bar wa injin haɗawa kawai, sauran in yi da hannu.

Na share komai na koma farko. Rana ɗaya ina tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, batirin kuma ya daɗe da mutuwa, duk abin da na yi tun azahar ya tafi. Daga nan na fara ɗaukar laftof zuwa makaranta, domin ɗakin malamai yana da sola. In ba ni da darasi sai in zauna a lungu. Abokan aiki sun ɗauka tambayoyin jarrabawa nake bugawa.

Farin zoben nan shi ya fi ba ni wuya. Sai an faɗaɗa hoton sosai, a ɗauki ɗan ƙaramin burushi na cikin kwamfutar, a bi bakin dutsen a hankali ana dawo da samar da ke cikin hoto mai duhu. A saman dutsen akwai ƙananan itatuwa, kowanne sai an zagaye shi. Sai in goce, in koma baya, in sake. Ganyen masarar kuwa daga hoto na tsakiya kaɗai na ɗauko shi, ya daina zama biyu.

Da na zo kan kala sai na tsaya. Na kasa tuna ainihin launin dutsen a wannan lokacin na yamma. Na ce wa Dadi mu koma, ba kyamara, ba ƙarfe.

"To me za mu yi a can?"

"Kallo."

Muka tsaya a bakin gonar muna kallo. Dutsen ba shuɗi ba ne. Toka-toka ne, da duhun kore a kwaruruwansa, inda rana ta taɓa kuma ya yi kamar bayan tukunyar ƙasa. Gindin masarar duhu ne sosai, ba a ganin komai a ciki. Da na dawo na rage kalar fiye da rabi, na bar inuwar ta zauna a wurinta.

Ranar rufewa Lahadi ce. Bayan sujada, ko ɗankwali ban kwance ba, na tura. Wani hoton bakin teku ne ya ci, kuma ya cancanta. Nawa yana cikin 'yan kaɗan da alƙalai suka ambata, suka ce hasken ya zauna daidai. Mutumin Jos bai yabe ni ba, ya dai ce akwai sauran zoben a gefen hagu. Na duba, akwai shi. Na gyara duk da an riga an rufe.

Sai na kai hoton wani shago a cikin gari a wanke mini babba. Ya fito da duhu, gonar ta zama baƙar tabarma.

"Mama, haka injin yake," in ji mai shagon.

"To, injin yana nan ranar Alhamis?"

Ya yi dariya ya ce yana nan. Na koma gida na buɗe inuwar kaɗan saboda takarda, na dawo, muka gwada a ƙarami kafin babba. Wanda ya fito daidai na liƙa a bangon ajina, kusa da taswira. Ɗalibaina suka yi cincirindo a gabansa suna gardama, wata ta rantse gonar kawunta ce, wani ya ce ƙarya ne, ta maƙwabcinsu ce. Sai da na buga tebur kafin suka zauna muka fara darasi.