Motar Injiniya Ɗanjuma Mai Tuƙa Kanta

Duk wanda ya san marigayi Injiniya Ɗanjuma na Gumel ya san ba ya tambayar hanya. Ko ɓata ya yi ƙiri-ƙiri, sai ya ce, "Ban ɓata ba, lissafi nake sabuntawa." To mutumin da bai tambayi ɗan'uwansa ba, ina zai tambayi tauraron ɗan'adam?

Da ya yi ritaya sai ya sayo tsohuwar a-kori-kura, ya ɗaura mata kyamarori da kwamfuta, wai za ta tuƙa kanta. Na ce, "Injiniya, ni dai a aji huɗu na tsaya, amma na ji irin motocin nan daga sama ake nuna musu hanya."

"Haba Garba! In sabis ya ɗauke fa? Tawa da idonta take gani. Kafin ka ƙifta ido ta sake lissafi, ta zaɓi inda ya fi."

Nan take ya rantse ba zai ƙara taka Maigatari ba sai ita ta kai shi, hannunsa bai taɓa sitiyari ba. Ga yayarsa Hajjo a can, tsufa ya kama ta, kullum sai ta aiko: "Ku ce wa Ɗanjuma ina son ganinsa."

Da rani ya koya wa motar yanke ta cikin gonaki, bai tashi gwaji ba sai da gero ya kai ƙugu. Ta tsaya, ta yi lissafinta, ta faɗa gonar maigari! Maigari ya taso yana huci. Injiniya ya leƙo ta taga: "Ranka ya daɗe, ita fa ta riga geronka sanin wurin nan."

Ran da abin ya yiwu ina ciki, ina ta salati. Ranar kasuwar Maigatari ce. Muna fita daga gari ta tarar da raƙumi mai zuwa kasuwar, lissafi ya ba ta babu wuri mai aminci kamar bayansa. Raƙumi ya tsaya cin ƙaya, mu tsaya. Ya tafi, mu tafi.

"Injiniya, don Allah taɓa sitiyarin nan, ba wanda zan gaya wa!"

Ya zaune hannuwansa. "Kai ba ka faɗa, Allah fa?"

Muka shiga Maigatari kasuwa ta watse. Hajjo ta shafa kansa, ta ce, "Ja'iri, da jaki ka hau da tun bara ka iso." Ya durƙusa gabanta yana dariya, hawaye na bin gemu. Ashe ganin ƙarshe ke nan.

Allah ya jiƙan Ɗanjuma da Hajjo, ya haskaka makwancinsu, ya haɗa su a Aljanna.